Yadda Ake Koya wa Yara Karanta Lissafin Labari Har Su Gane Abin da Ake Nema

Na taɓa koyar da wani yaro a aji biyar na firamare a nan Jos, mahaifinsa yana da rumfar kayan gwari a kasuwar Farin Gada, kuma can yaron yake yini duk Asabar. In mace ta ɗauki kashin tumatir uku a kan naira 700 kowanne, ta miƙa masa 3,000, kafin ta gama ɗaure bakin leda ya ƙirgo mata canjinta 900. Wata rana na rubuta masa wannan cinikin a takarda da Turanci, kamar yadda yake fitowa a jarrabawa. Ya duba, ya sake dubawa, ya ciji gindin biro, sai ya tattara 3 da 700 da 3,000 ya rubuto mini 3,703.

Irin wannan tambaya nake kira lissafin labari, wato wadda aka cusa lambobi cikin ɗan zance, aka bar wa ɗalibi ya gano da kansa abin da zai yi da su. Tana nan a jarrabawar shiga sakandare, tana nan a ta kammala aji uku na ƙaramar sakandare, kuma tana jiran yaro a WAEC da NECO da JAMB. Yaron can ya iya ninkawa, ya iya ɗebewa, da ka ma yake yi. Karatun labarin ne ya kayar da shi. Mu kuwa malamai da mun ga jan biro ya yi yawa a littafi sai mu ƙara jibga aikin tarawa da rabawa, muna ta shafa magani a inda babu ciwo. Ga yadda nake bi da su yanzu, mataki bayan mataki.

Da farko, gano inda aka maƙale

A shekarar 1977 wata malama 'yar Ostareliya mai suna Anne Newman ta zauna da ɗaliban aji shida masu rauni a lissafi, ɗaya bayan ɗaya, tana sa su warware tambaya a gabanta suna magana. Ta tarar kusan rabin kurakuransu sun auku ne tun kafin a kai ga taɓa lamba: wajen karantawa, ko wajen fahimta, ko wajen mayar da zance ya zama lissafi. Daga aikinta aka samo tambayoyi biyar da kowane malami zai iya yi, ba sa cin ko sisi.

Ka kira yaro gefe, ba a gaban 'yan aji ba, ka ajiye bulala nesa inda ba zai hange ta ba. Ka ba shi tambayar da ya faɗi, ka ce: "Karanta mini, in ka zo kalmar da ba ka sani ba ka gaya mini." In ya gama: "To, me ake so ka nemo?" Sannan: "Ta wace hanya za ka nemo shi?" Sannan: "Yi in gani, kana yi kana faɗa mini abin da ke ranka." Daga ƙarshe: "Rubuta amsarka."

Inda ya fara tuntuɓe, nan ne aikinka. Wanda ya kasa furta kalmomin, matsalarsa karatu ce, sai an haɗa kai da malamin Turanci. Wanda ya karanta tiryan-tiryan amma da ka ce me ake nema ya yi zuru, fahimta ce babu, kuma irinsa ne suka fi yawa a duk ajin da na taɓa riƙewa. Akwai wanda ya gane labarin sarai amma bai san ko ninkawa zai yi ko rabawa ba. Wanda ya tsallake duk waɗannan ya zo ya ce bakwai sau takwas 54, shi ne kaɗai yake bukatar ƙarin haddar jadawalin sau. Minti biyar ya isa kowane yaro. In ajinka ya kai mutum 70, kada ka ce sai ka bi kowa. Ɗauki goma, wasu daga gaba, wasu daga tsakiya, wasu daga 'yan kujerar baya, za ka ga hoton ajin.

Na biyu, a kife biro, a ɓoye lambobi

Yaranmu sun saba da farauta. Da an rubuta tambaya a allo idonsu yana kan lambobi, su tsince su kamar mai tsintar gyaɗa a cikin ƙaiƙayi, su watsar da zancen. Maganin wannan shi ne ka hana su abin tsinta. Ka ce kowa ya kife biro a kan benci, ka rubuta labarin babu lamba ko ɗaya:

Wata mata ta saro buhunan dankalin Turawa daga Bokkos. Ta biya kuɗin mota a kan kowane buhu. Ta kawo Farin Gada ta sayar da su duka.

Sai ka juyo ka tambaye su: wa ake magana a kanta? Me ta fara yi? Kuɗi ya fita daga hannunta sau nawa, ya shigo sau nawa? Wace tambaya mutum zai iya yi game da wannan mata? Za ka ji aji ya ɗau hayaniya, har waɗanda ba ka taɓa jin muryarsu ba. Wani zai ce, "Malam, ta ci riba?" Wata za ta ce, "Malam, ai ba mu san nawa ta saro ba." Ka ce madalla, to me da me kuke bukata in gaya muku? Su za su roƙe ka lambobin da bakinsu, kai kuma ka riƙa sakin su ɗaya-ɗaya: buhu 6 ne. Kowanne ta saro shi 40,000. Mota 2,500 a kan buhu. Ta sayar 48,000 kowanne. Duk lambar da ta shigo, an riga an share mata wurin zama a cikin labarin. A lokacin da za a ɗaga biro, rabin ajin sun san uwar kuɗi 240,000 ce, mota ta ci 15,000, ciniki ya kama 288,000, riba 33,000. Wani ɗan kasuwa a cikinsu ma zai tuna maka ba ka sa kuɗin 'yan dako ba. Ka yaba masa, domin ya shiga cikin labarin da ƙafarsa.

Mako biyu na farkon zango ina yin wannan kullum, tambaya ɗaya tak a rana.

Na uku, karatu sau uku, sannan a faɗa da baki

In an dawo ga tambaya cikakkiya mai lambobinta, doka ita ce a karanta sau uku, kowane karatu da aikinsa. A na farko ana neman labarin kawai: su wa da wa, me ya faru. A na biyu ana bin lambobin, kowace a laƙaba mata sunanta. Ba na yarda yaro ya ce mini "shida". Shida me? Buhu shida. "Dubu biyu da ɗari biyar" na me? Kuɗin motar buhu ɗaya. A na uku ana neman tambayar kanta, a ja mata layi, a rubuta a gefe: abin da ake nema shi ne kaza.

Daga nan sai a rufe littafi. Yaro ya juya ga na kusa da shi ya ba shi labarin da bakinsa, da harshen da ya fi sauƙi a gare shi. A nan ne nake saɓa wa wasu abokan aikina da suke ganin yin Hausa a darasin lissafi ɓata yara ne tunda jarrabawa da Turanci take zuwa. Gaskiya ne da Turanci take zuwa. Amma a ajin Jos, inda za ka tarar da Bahaushe da Birom da Angas da Jarawa da Ibo da Bayarabe a benci ɗaya, Hausa ce suke ciniki da ita, da ita suke faɗa a filin ƙwallo. Yaron da ya iya mayar maka da tambayar Turanci zuwa Hausa daidai, ba sauran shakka ya fahimce ta. Wanda ya maimaita maka Turancin kalma bayan kalma, wataƙila hadda ce kawai irin ta aku. Abin da nake yi shi ne in karanta da Turanci, a tattauna da Hausa, a koma a rubuta aikin da amsar da Turanci. A hankali Hausar tana raguwa da kanta, zuwa aji shida sai an zo wuri mai wuya ake nemanta.

Wasu kalmomin Turancin kuma dole a zauna a koyar da su kamar yadda ake koyar da sunayen garuruwa, saboda ma'anarsu a lissafi daban take da ta titi. Yaro ya san product a matsayin kayan kanti, a lissafi kuwa sakamakon ninkawa ne. Ya san difference bambanci ne, sai ka ce ya nemo shi tsakanin 9 da 4 ya ce maka ɗaya babba ce ɗaya ƙarama, alhali 5 ake nema. Ka samu kwalin indomi ka buɗe shi, ka rubuta irin waɗannan kalmomi da alƙalamin maka, kowace da fassararta da ɗan misali, ka rataye a bango. Kalma biyu ko uku a mako ta wadatar.

Na huɗu, a raba yara da haddar "kalmar sirri"

Wannan ita ce cutar da na fi daɗewa ina yaƙi da ita, kuma ni ma da ita aka yaye ni. An ce mana in ka ga more ka tara, in ka ga left ka ɗebe, in ka ga share ka raba. Dabarar tana ci a tambayoyin aji biyu da aji uku, shi ya sa malamai suke son ta. Daga aji huɗu take fara cin amanar yaro. Duba wannan:

Ladi has 12 oranges. She has 5 more than Talatu. How many oranges has Talatu?

Mai haddar kalma ya ga more, ya tara, ya samu 17. Amma Ladi ce ta fi Talatu da lemo biyar, ashe na Talatu 7 ne. Ka fassara wa yaro da Hausa, "Ladi ta fi Talatu da biyar," ka tambaye shi wa ya fi yawa, nan take zai dafe kai. Haka left take: wani wuri saura ce, wani wuri barin gida ne, wani wuri hagu. A sakandare kuma ga 5 less than x, wadda yara suke rubutawa 5 − x saboda biyar ce ta fara zuwa a zance, alhali x − 5 ce. A nan Hausa tana da abin taimako a cikin ƙirgarta. In tsohuwa ta ce maka "ashirin ba biyu", ka san 18 take nufi, daga ashirin aka cire biyu. Ka ce wa yara Turancin yana faɗin abin ne ta baya, "biyu ƙasa da ashirin", amma wadda ake cirewa daga jikinta ita ce dai babbar.

Abin da zai maye gurbin haddar kalma tambayoyi ne game da siffar labarin. Shin abubuwa biyu aka haɗa suka zama ɗaya? Wani abu ne ya ƙaru ko ya ragu daga yadda yake da farko? Ana gwada na wani da na wani ne, wa ya fi, da nawa? Ko kuwa kashi-kashi ne masu yawa ɗaya, kamar kiret-kiret na ƙwai? Kusan duk lissafin labarin firamare a cikin waɗannan huɗun yake yawo. Abin da yake canzawa shi ne wurin da aka ɓoye. Don haka ka ɗauki labari ɗaya ka juya shi ta kowace fuska: Audu yana da 500, aka ba shi 300, nawa ke nan? Audu yana da 500, aka ba shi wasu kuɗi, suka zama 800, nawa aka ba shi? Audu yana da wasu kuɗi, aka ba shi 300, suka zama 800, nawa yake da su da farko? Ta ukun nan ita ce mai kayar da yara, domin an ce "aka ba shi" amma ɗebewa za a yi. Littattafanmu sun fi cika da irin ta farko, sauran biyun kai za ka ƙirƙiro.

Na biyar, a zana

A farkon shekarun 1980 ma'aikatar ilimi ta Singafo ta shigar da wata dabara cikin littattafan firamarenta: a wakilci kowane adadi da doguwar sanda mai kusurwa huɗu, a yanka ta gida-gida. Ba ta bukatar komai sai alli, in ma babu allo ƙasa ta isa. Ba hoton lemo ko na mota ake so ba, yara suna ɓata minti goma suna yi wa mota tayoyi. Sanda kawai.

Tambayar Ladi: a zana sandar Ladi, a rubuta 12. A ƙarƙashinta a zana ta Talatu. Kafin a zana sai ka tambaya, doguwa za ta zama ko gajera? Gajera. Ratar da ke tsakaninsu ita ce 5. An gama, amsa tana kallon kowa.

Ga wadda ta fi tauri, irin wadda ke sa 'yan aji ɗaya na sakandare gumi a cikin sanyin Disamba:

Audu ya kashe kashi biyu cikin biyar na kuɗinsa wajen sayen takalmi. Ya kashe sulusin abin da ya rage a kan littattafai. Naira 6,000 suka saura a aljihunsa. Da nawa ya fito daga gida?

Zana sanda ɗaya, ita ce duk kuɗin. Yanka ta gida biyar daidai wa daida. Soke gida biyu, takalmi ya cinye. Saura gida nawa? Uku. Sulusin uku ɗaya ne, soke shi, littattafai. Gida biyu suka tsira, su ne 6,000. Ke nan kowane gida 3,000, gida biyar 15,000. Ba a kira x ba, ba a nemi lambar da za ta daidaita ƙasan kashi ba, kuma ɗan aji biyar zai bi ka har ƙarshe. Kuskuren da aka saba yi a wannan tambaya shi ne a ɗauki sulusin duk kuɗin maimakon sulusin saura. A zane ba ya faruwa, tunda gidajen takalmi an riga an soke su, ido ba ya komawa kansu.

Wannan yanka gida-gida ba baƙo ba ne a wurinmu, malaman rabon gado sun daɗe suna yin sa. Mutum ya rasu ya bar mata ɗaya, 'ya'ya maza biyu, mata uku, iyayensa sun riga shi, bayan an biya bashi da wasiyya dukiya ta tsaya a 800,000. Matar tana da tumuni, 100,000. Saura 700,000. Namiji yana ɗaukar rabon mata biyu, don haka gidajen su ne biyu da biyu da ɗaya da ɗaya da ɗaya, bakwai ke nan, kowane gida 100,000. Yaran da suke zuwa Islamiyya da yamma suna ganin wannan sai fuskarsu ta washe. Nakan kuma gaya musu cewa Alkhawarizmi, wanda daga sunan littafinsa aka samo kalmar aljabra, a Bagadaza ya rubuta shi wajen shekara ta 820, da zance zalla babu alamomin da muke amfani da su yau, kuma babban kaso na littafin matsalolin gado ne da wasiyya. Wato lissafin labari ya girmi x da y nesa ba kusa ba.

In yara sun saba da sanda, shiga aljabra ba ta musu wuya: gidan da ba a san abin da ke cikinsa ba, shi ake raɗa wa suna x.

Na shida, a yi ƙiyasi kafin a yi aiki

Wannan gajere ne amma kada a tsallake shi. Kafin a fara lissafi kowa ya rubuta a gefen takarda abin da yake zaton amsar za ta kai, ko aƙalla ya ce za ta fi kaza, ba za ta kai kaza ba. Na taɓa ba da cewa daga Jos zuwa Bauchi a ce kilomita 130 ne, mota tana gudun kilomita 65 a awa, awa nawa za ta yi? Wata yarinya ta ninka ta kawo mini 8,450. Na ce, "Ke, kin taɓa zuwa Bauchi?" Ta ce, "E Malam, can kakata take." Na ce, "Da kuka tashi daga tashar Bauchi Road da safe, yaushe kuka isa?" Ta ce kafin azahar. Muka raba 8,450 da 24 a allo, ya ba mu kwana 352, kusan shekara guda a hanya. Ita ta fara fashewa da dariya. Da ta rubuta "kamar awa biyu ko uku" tun farko, da hannunta bai yarda ya rubuta wancan ba.

Bayan ƙiyasi sai a rubuta jimlar lissafin, kowane layi da ɗan bayaninsa a gaba: kuɗin saro buhu 6, kuɗin mota, jimillar abin da aka kashe. Sannan a yi aikin.

Na bakwai, a mayar da amsa cikin labarin

George Polya, masanin lissafi ɗan asalin Hangare da ya koyar a jami'ar Stanford ta Amurka, ya fitar da matakai huɗu na warware matsala a 1945: fahimta, tsara hanya, aiwatarwa, waiwaye. Na ƙarshen nan shi ne marayan cikinsu, ba mai kula shi. Yaro yana samun lamba sai ya ja layi biyu ya rufe littafi.

A wata jarrabawar gwaji ta ƙasa da aka yi wa 'yan shekara 13 a Amurka a farkon shekarun 1980, an tambaya: sojoji 1,128 za a kwasa, kowace bas tana ɗaukar 36, bas nawa ake bukata? Kusan kashi 70 cikin ɗari sun yi rabawar daidai, amma kashi 23 ne kawai suka ce 32. Kashi 29 sun rubuta "31 saura 12", wasu suka ce 31 suka bar sojoji goma sha biyu a tsaye a rana. Ashe ba yaranmu kaɗai ba ne.

Ina koyar da wannan da ƙwai, tunda gonakin kaji sun yi yawa a kewayen Jos kuma kowane yaro ya san kiret yana cin 30. An kwashe ƙwai 100. Kiret nawa za a cika a kai kasuwa? Uku. Kiret nawa ake bukata don kada a bar ko ɗaya a ƙasa? Huɗu. Ƙwai nawa ne a kiret ɗin da bai cika ba? Goma. Rabawa ɗaya ce, amsa uku, kuma tambayar ce take zaɓar wadda ta dace. Saboda haka ba na karɓar lamba tsirara. Amsa sai ta zo a jimla cikakkiya: ana bukatar kiret 4. Sannan yaro ya koma layin da ya ja a karatu na uku ya duba, abin da aka tambaya ke nan?

Na takwas, tarko da ƙirƙira

Wajen 1980 wasu masu bincike a Grenoble ta Faransa suka ba ƙananan 'yan firamare wannan: a cikin jirgin ruwa akwai tumaki 26 da awaki 10, shekarun matuƙin nawa? Mafi yawansu suka ba da amsa da lamba, da yawa suka ce 36. Ka gwada a ajinka da makiyayi mai shanu 25 da tumaki 10, ka ga yawan waɗanda za su ba shi shekara 35. Ba wauta ba ce. Mu muka koya musu cewa duk tambayar da malam ya rubuta tana da amsa, kuma duk lambar da ke ciki sai an yi aiki da ita.

Sau ɗaya a mako ka jefa musu irin wannan ba tare da gargaɗi ba. Wata ka sa lambar da ba a bukata, kamar shekarun mai sayar da dankali. Wata ka rage bayani, amsar da kake jira ita ce "Malam, ba a gaya mana kaza ba." Wata kuma ta hankali ce: riga ɗaya tana bushewa a awa 2 a kan igiya, riga biyar da aka shanya tare fa? Masu sauri za su ce 10. Leburori 4 sun yi kwana 6 suna haƙa rami, leburori 8 fa? Masu sauri za su ce 12, sai ka tambaye su ko ƙarin hannu yana ƙara wa aiki tsawo. Ranar da yaro ya fara ɗaga hannu ya ce tambayarka ba ta da amsa, ka sa a tafa masa.

Sannan ka juya aikin. Rubuta 4 × 250 + 150 a allo, ka ce kowa ya ƙirƙiro labarin da zai dace da shi, daga gidansu ko unguwarsu. Za ka sha labarin Keke Napep daga Terminus, da awara, da cajin waya. Wanda ya rubuta labarin da bai hau lissafin ba, 'yan'uwansa ne za su kama shi kafin kai. Waɗanda suka yi kyau ka tara su a littafi guda, su zama tambayoyin gwajin ƙarshen wata, da sunan mai kowace a ƙasanta.

Yadda za a cusa duk wannan a darasin minti 35 ko 40

Ba kullum za a bi matakan nan duka ba. Minti goma zuwa sha biyar na farkon darasi, tambaya ɗaya, bibbiyu a benci: ɗaya ya karanta, ɗaya ya ba da labarin, su zana tare, gobe su yi musaya. Ka guji haɗa gwani da mai rauni sosai, gwanin zai karɓe biro ne kawai ɗayan ya koma ɗan kallo. Tambaya ɗaya da aka tattauna ta fi goma da aka kwafa daga allo, ko da mai duba littafin darasi zai ɗan ɓata rai.

Wajen ba da maki, raba shi: ɗaya na rubuta abin da ake nema, ɗaya na zane, ɗaya na jimlar lissafi, ɗaya na aiki, ɗaya na amsa da sunanta. Yara suna bin inda maki yake. Wannan kuma shiri ne na gaba, domin a takardar rubutu ta WAEC makin hanya daban yake da makin amsa, mai rubuta amsa kaɗai yana zubar da rabonsa. Ba a fafe gora ranar tafiya, wanda bai saba nuna hanya tun firamare ba, ba a aji shida na sakandare zai koya ba.

Iyaye kuma suna da nasu, ko da ba su yi boko ba. In yaro ya kawo aikin gida, uwa ba sai ta iya Turanci ba, ta ce kawai, "Rufe littafin, gaya mini da Hausa me aka ce." In ya kasa, ya koma ya sake karantawa. In za a aike shi kasuwar Katako ko shagon unguwa, a sa ya faɗi canjin da zai dawo da shi tun kafin ya fita, in ya dawo ya rubuta aiken a matsayin tambaya ya ba ƙanensa.

Yaron Farin Gada da na fara da shi, a ƙarshen zango na biyu ya kawo mini tasa tambayar a littafin aji. Kwandon tumatir ne aka saro, aka kasa shi kashi-kashi, kashi huɗu suka ruɓe kafin la'asar, ana neman nawa za a sayar da sauran don kada uwar kuɗi ta karye. Ya sa har da kuɗin leda, ya kuma jefa shekarun babansa a tsakiya don ya kama masu sauri. Mutum goma sha ɗaya suka faɗa.